Rabon Ƙofa a Gungun Manda

Godiya ta tabbata ga Wanda ya san adadin yashin rairayi da ɗigon ruwan damina, Wanda ba ya ƙirge ya tsallake kowa. Bayan haka, ya ku jama'a, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Cindo ɗan Nomau, mutumin Kwarin Tsamiya, wanda ya ƙetare dazuzzuka bakwai yana neman ilimin ƙidayar mutane da arzikin garuruwa, ya same shi, ya kuma kusa hallaka mata ɗari shida da shi. Ba kirari nake yi wa kaina ba. Da kirari ne, da na zaɓi wanda ya fi wannan daɗin ji.

Da yatsu shida aka haife ni a hannun dama, sunan ke nan. Ina ƙarami, in aka ce in ƙirga awakin gidanmu guda goma, sai awaki su ƙare yatsa ɗaya ya rage, in fita ina kururuwa an sace mana akuya. Sau uku ina tara unguwa a kan akuyar da ba a taɓa haihuwa ba. Dariyar da aka yi ta yi mini har na yi gemu ita ta kore ni daga gari, na rantse ba zan dawo ba sai na iya ƙidayar da babu mai ja da ita.

Na yi tafiyar wata huɗu na isa Birnin Tsakuwa, inda kowane mai rai yake da tsakuwarsa a cikin wata randa mai girman ɗaki a tsakiyar gari. A nan malaman lissafi suka koya mini tambayoyi uku da ake yi wa kowane mai gida: bakuna nawa ke ci a gidanka, wace sana'a kuke yi, me kuke saya daga waje. Suka ce wanda ya tara amsoshin nan zai gaya wa gari rijiya nawa zai haƙa, da inda zai kafa kasuwa, da hatsin da zai kai shi kaka. Shekara bakwai na yi a gabansu. Na fito da alluna uku, da kurtun tawada, da kai wanda ya fi ƙarfin rawanina.

Gwajina na farko a garin Kukoki Masu Tafiya na yi shi. Mutanen can a cikin kogon kukoki suke da gidajensu, kukokin kuwa kowace shekara sukan tumɓuke saiwoyinsu su bi hadari duk inda ya nufa. Na tarar an shekara goma ana rigima a kan gindin kukar da za a ci kasuwa. Na zauna kwana tara ina ƙirga masu hawa da masu sauka, sai na ga wata gurguwar kuka da kullum ke jan ƙafa a baya ita ce kowa ke ratsawa, don a cikinta ruwan sha yake taruwa. Aka kafa kasuwa a gindinta, ta cika ta batse. Suka ba ni riga mai aska takwas, suka raɗa mini Malam Ba-kuskure. Gaskiyar magana, wata mai tallan fura ta shekara ashirin tana ajiye ƙwaryarta a daidai wurin. Na gan ta tun ranar farko, ban dai gaya wa kowa ba.

Daga can na faɗa hannun ungulayen Dutsen Ƙashi, masu magana kamar ni da ku. Sarkinsu, wani tsoho da sanƙonsa ya kai har ƙeya, ya ce labarina ya iso gare shi.

“Ka lissafa mini dabbobin da za su mutu a ƙasar nan bana,” in ji shi, “don in san ƙwai nawa za a bari a ƙyanƙyashe. In ka kasa, da kai za mu buɗe lissafin.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a sanin matattu sai an san masu rai. A zaga da ni in ƙirga garake daga sama. Amma a yi ƙasa-ƙasa, idona ba shi da ƙarfi.”

Ƙartin ungulaye huɗu suka kama gefen rigata suka tashi da ni. Kwana biyu ina lilo ina ƙirga shanun mutane da ƙarfi don su ji ana aiki. A rana ta uku na hango wani ayarin jakuna ya yi zango a bakin wani farin tafki, an jibge damman harawa wuri guda. Na ɗaga hannuwana sama na sulale daga cikin rigar. Ungulaye suka wuce da ladan gwanintata, ni kuwa na faɗo a kan abincin jakai daga ni sai wando da allunan da na ɗaure a ƙugu.

Madugun ayarin ya ba ni tsohuwar taguwa, ya kuma gaya mini inda nake. Wannan shi ne Tafkin Ɗaci, ruwan gishiri ne zalla, babu kifi a cikinsa, kwale-kwale in ya shiga sai ya narke. A tsakiyarsa akwai tsibiri, Gungun Manda, mai rijiya ɗaya ta ruwan daɗi. Ƙasarsu ba ta fid da ko karan gero. Matansu ke dafa ruwan tafki ya zama gishiri, mazan su yi kantu su ɗaure. Sau ɗaya a shekara ruwan kan janye ya bar hanya har kwana goma, a shigar musu da gero a fito da gishiri. In ya rufe, ko tsuntsu ba ya ƙetarawa sai baɗi. Washegari da hantsi muka ga ruwan ya dare gida biyu, muka bi jakuna muka shiga.

Mai mulkin tsibirin mace ce, Magajiya Yalwa, doguwa mai ƙarancin magana. Da ta ji sana'ata sai ta sa aka kira ni zaurenta.

“Malam, mai awonmu ya tsufa ya rasu,” in ji ta. “Da ido muke sayen hatsi. Wata shekara ya yi yawa ya ruɓe a rumbu, wata shekara mu ƙarasa da ɗaurin ciki. Za ka iya yanka mana adadi?”

“Ranki ya daɗe, wannan ai abin karin kumallo ne.”

“To ka ji dokarmu tukuna. Rumbunmu ɗaya ne, kowane kai yana da ƙoƙo guda a rana. Wanda ya yanka adadi shi ne mai awo, kuma a nan zai zauna shekarar. Ba ya ɗiban nasa sai kowa ya karɓi ƙoƙonsa cike. In shekara ta zagayo ba a rage wa kowa ba, yana da jaki goma na gishirin manda. Ranar da aka rage wa mutane ko ƙwaya ɗaya, daga ranar ba shi da rabo a rumbu, ba a ba shi, ba a sayar masa, har ruwa ya buɗe.”

Jaki goma kawai kunnena ya ji. Na ce na yarda.

Ta ce, “Da ka fara ganin Gwaggo Ladingo kafin ka soma.”

“A wace makaranta ta yi karatu?”

“Ungozoma ce.”

Na yi irin dariyar nan ta malamai, wadda ba a buɗe baki sosai. Na ce in na bukaci wankan jego zan neme ta.

Na sa aka shimfiɗa mini buzu a zauren Magajiya, masu gidaje suka yi layi. Ban taka ƙofar gidan kowa ba, don a ganina ilimi ake zuwa wa, ba shi ke zuwa ba. Mutum ya durƙusa, in ce, “Bakuna nawa a gidanka?” Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni, da mai ɗakina, da yara uku.” In rubuta biyar. Na lura da yawansu sukan ɗan yi jim, su kalli ƙasa kafin su faɗi adadin yara. Na ɗauka kwarjinina ne ya cika musu ido, har na riƙa sassauta murya don kada in firgita talakawa.

Cikin kwana biyar na gama. Mutum dubu biyar da ɗari huɗu da goma sha biyu. Na buga da kwanakin shekara, na mayar da ƙoƙo buhu, na mayar da buhu kayan jaki, sai ga shi geron da ake bukata bai kai na bara ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin goma. Na miƙe a gaban jama'a na ce ga ɓarnar da rashin lissafi ke jawowa. Da rarar gishirin na ba da shawara a sayi manyan tukwanen ƙarfe arba'in daga wurin madugu, don tukwanen ƙasa suna fashewa a wuta, kuma na ƙarfe za su ninka abin da ake dafawa. Aka yi guɗa. A rana ta goma da la'asar jakin ƙarshe ya fita, ruwa ya haɗe da ƙara kamar aradu.

Na shiga rumbu na ja layi goma sha biyu da gawayi a jikin bango, kowane wata da nasa. Wata ya mutu, gero ya sauka daidai kan layi. Wani watan ma haka, ko faɗin farce bai kauce ba. Na riƙa kawo mutane suna leƙawa. Ina cin ƙoƙona cike, na yi wuya na yi tumbi, har na fara tunanin sunayen da zan raɗa wa jakaina goma.

A wata na biyar gishiri ya tona mini asiri. Ina ƙirga kantun da ake fitarwa duk mako, sai na ga maimakon ya ninka, raguwa yake yi. Na ɗora wa tukwane laifi, na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Na ɗora wa itace, na tarar busasshe ne. Da na rasa abin kamawa sai na ce lalacin mata ne, na ɗauki sanda na nufi madafa don in yi musu wa'azi a kan himma.

Ina isa na ga abin da ban taɓa kallo ba, don kullum idona yana kan allo. Mata ne ke juya tukwane da muciya, amma da yawansu zannuwansu sun zagaye su kusan sau biyu, ƙashin wuya a waje. Ban gama buɗe baki ba wata ta sulale ta faɗi a gefen wuta. Tasalla ce, maƙwabciyata, wadda zana ɗaya ta raba gidanta da masaukina. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo.

Na ce, “Baiwar Allah, ba cike ake ba ki ƙoƙonki ba?”

“Cike yake, Malam. Mun gode Allah.”

Sai ga wata yarinya mai kamar shekara goma sha uku ta rugo da gudu, ta durƙusa tana yi mata fifita da gefen mayafi, hawaye shaɓe-shaɓe. Tasalla ta kau da kai ta kalli tafki, kamar ba ta san da mutum a wurin ba.

Na ce, “Wannan 'yar wace ce?”

Matan suka koma kan tukwanensu. Can Tasalla ta ce, “'Yar mutane ce.”

Na koma na duba allo. Gidan su Tasalla baki biyar: ita, da mijinta, da yara uku, kuma na san yaran, duk ƙanana ne. Yarinyar nan ba ta cikin allona, alhali hancinta da na Tasalla kamar an tsaga kara. Na haɗiye girman kaina da ƙyar, don ba ƙaramar loma ba ce, na tambayi hanyar gidan ungozoma.

Gwaggo Ladingo tsohuwa ce 'yar firit, ba ta taɓa haihuwa ba, amma duk wanda ke tsibirin in bai kai shekara hamsin ba ita ta yanke masa cibi. Ɗakinta cike yake da igiyoyi suna reto daga rufi, kowane gida da igiyarsa. In an haihu ta ƙulla, in an mutu ta kwance.

“A'a, Malam Ba-kuskure ne da kansa?” in ji ta. “Wankan jegon ne ya taso?”

“Gwaggo, ki yi mini rai. Nuna mini igiyar gidan su Tasalla.”

Ta janyo ta. Ƙulli shida.

“Biyar mijinta ya ce mini.”

“To me kake so ya ce? Ya buɗe baki a zauren Magajiya, a gaban surukansa, ya ƙirga 'yar fari? Mahaukaci ne? Kai ɗan nan, a wace duniya aka yi uba ko uwa da ke lissafa ɗan fari? Ai mai tambaya shi ke ƙara ɗaya da kansa. Tsohon mai awonmu ko alif bai sani ba, amma ya san wannan.”

“To da suka ga ƙoƙo bai kai ba, me ya hana su magana?”

“Su ce me? Su ce an manta da wa? Sai sun ambace shi ke nan. Kowace uwa ta raba ƙoƙonta biyu ta yi shiru. Wata biyar ke nan suna juya tukwanenka na ƙarfe da rabin ciki. Masu goyo uku nononsu ya ƙafe. Ni kuwa da nake iya faɗi, sau biyu ina zuwa ƙofarka, kana cewa a gaya mini kana nazari.”

Haka aka yi, ban musa ba. Muka zauna muka bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan farin da suka yi aure suka kafa gidajensu sun shiga allona. Waɗanda ke gaban iyayensu babu ko ɗaya. Mutum ɗari shida da uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni kaina ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce wa ƙanwata, “Kai wa wancan tuwonsa.” In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, huɗu take cewa, mu kuwa mu biyar ne. Da wannan na tashi. Na tafi Birnin Tsakuwa na kashe shekara bakwai na koyi manta abin da kowane ɗan goyo ya sani a garinmu.

Na sake lissafi a hanya, domin hannu ya saba. In aka raba geron da ya rage ga kowa da kowa har da ɗari shida da ukun nan, kowane ƙoƙo zai ragu da kashi ɗaya cikin goma. Mutum dubu shida za su ji yunwa kaɗan, ba wanda zai mutu. In aka bar shi yadda yake, mata ɗari shida za su ɗauki yunwar gari duka a kansu, kuma ba dukansu za su ga buɗewar ruwa ba. Amma ranar da aka rage ƙoƙo, ranar rabona ya yanke, ga wata shida da rabi a gaba. In na yi shiru kuwa, gero zai ci gaba da sauka a kan layina, ba mai ƙara, ba mai shaida, in kora jakaina in tafi da sunana.

Ina so in ce muku a take na nufi zauren Magajiya. Ƙarya ne. Kwana uku na yi ina nazari, kuma a kwana ukun nan ban bar ko loma a akushi ba. Na gaya wa kaina ai ba ni na ce su yi kunya ba. Na ce mai tambaya ba ya laifi in an ba shi amsar ƙarya. Na kawo hujja bakwai, kowacce da ƙafafunta.

A rana ta uku da azahar ina tsakiyar cin tuwo, sai na ji magana ta bayan zana. Yarinyar nan ce ke cewa, “Na ƙoshi, wallahi na ƙoshi, na ci a gidan su Gwaggo.” Sai na ji muryar Tasalla tana magana da bango: “A gaya wa masu ƙoshi, in ba su ci ba zubarwa za a yi. Ni dai na riga na ci.” Na san ba wadda ta ci a cikinsu. Akushin yana tsakaninsu, kowacce tana tura wa 'yar'uwarta da ƙarya. Lomar da ke hannuna ta ƙi shiga baki. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na ji ina ƙyamar yatsuna.

Washegari na sa aka tara jama'a. Matsalar ita ce ba zan iya miƙewa in ce an manta da 'ya'yan fari ba, don rabin taron zai watse saboda kunya, kuma ba uwar da za ta miƙa hannu ta karɓi rabon da aka kira da wannan suna. Saboda haka na gyara murya na ce:

“Ranki ya daɗe, na yi kuskure a lissafi. Na ƙirga mutane na manta da ƙofofi. Bincike ya nuna akwai ƙofofi a garin nan da ke cin ƙoƙo guda a rana. Gwaggo Ladingo za ta zaga ta ɗaura zare a kan kowace ƙofa mai ci. Daga yau akwai rabon ƙofa, kuma ba ruwan kowa da yadda ƙofa ke cin abincinta.”

Ba wanda ya yi dariya. Maza suka sunkuyar da kai, mata suka ja mayafi suka rufe fuska. Magajiya ta daɗe tana kallon tabarma, don ita ma, kamar yadda na gani daga baya, an ɗaura zare a ƙofarta.

Ta ce, “Daga ina rabon zai fito, Malam?”

Na ɗauki ƙoƙon awo, na ɗora ƙaramin yatsana na shida a bakinsa, na zaga da wuƙa na yanke daidai faɗinsa. Karo na farko ke nan da yatsan nan ya yi wa wani amfani.

“Ka san doka.”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

“Wata shida da rabi ne.”

“Na ƙirga,” na ce ƙasa-ƙasa, don ni ba jarumi ba ne.

Ranar farko na sha ruwa na yi ta maza. Rana ta biyu na lashi gishiri na ƙara ruwa. Rana ta uku na dafa maratayin jakata na tauna. Rana ta huɗu na wanke allunan nan uku na shanye rubutun, sai na tarar mutum dubu biyar da ɗari huɗu da goma sha biyu ba su tsaya mini a ciki ba ko na sa'a guda. Abin da ya fi yunwar ciwo shi ne matan gari sun daina gaishe ni. Da can in na fito, ta ko'ina sai “Malam Cindo, ina kwana.” Yanzu in mace ta hango ni sai ta kau da kai ta canza hanya. Tasalla in muka yi kiciɓis a rijiya sai ta juya mini baya. Na ce wannan ƙiyayya ce, kuma na cancance ta.

A rana ta biyar da hantsi na rarrafo ƙofa don in sha iska, sai na yi karo da akushi a rufe da faifai. Na buɗe. Tuwo ne, amma ba malmala guda ba, 'yan gutsattsari ne kamar goma sha biyar, wani fari wani baƙi-baƙi, wani da tauri wani ruwa-ruwa, kowanne daga tukunyarsa. Na duba dama da hagu, ba kowa. Na cinye ina kuka. Washegari ma haka, da wani akushin daban. Na yi ta laɓewa don in ga mai kawowa, ban taɓa kamawa ba.

Bayan wata guda wani dattijo mai son bin doka ya kai ƙara zaure, ni ma aka kira ni. Ya ce, “Ranki ya daɗe, doka ta ce ba a ba shi, ba a sayar masa. Ga mai awo nan kwana talatin da biyar yana tafiya da ƙafarsa. Wani na ciyar da shi.”

Magajiya ba ta dubi inda nake ba. Ta kalli tabarma ta ce, “Wane ne haka? Ban san wanda kake nufi ba.”

Ya nuna ni da yatsa. Ta juya ta tambayi matan da ke zaune a bayanta ko sun ga wani. Kowacce ta sunkuyar da kai. Dattijon ya dube su, ya dube ni, sai na ga shi ma ya sauke hannunsa ya ja da baya yana gyaran murya.

Na fito na tari Gwaggo Ladingo a hanya. Na ce, “Gwaggo, warware mini wannan. Sun tsane ni har ba sa iya kallona, kuma suna gutsuro mini daga ƙoƙon da ni na rage musu.”

Ta tsaya ta dogara sandarta. “Kai dai karatu ya gama da kai. Wane ne ake ciyarwa ba a kallon fuskarsa, ba a kiran sunansa, in an tambaya a ce ba a san shi ba?”

Sai a lokacin na tuna da uwata. Ta wuce tana tsaki.

Haka muka ƙarasa shekarar. Kowa ya rame, ni na fi kowa, amma ba a kwance ƙulli ko ɗaya saboda yunwa ba. Mata suka murmure, tukwanen ƙarfe suka fara biyan wahalarsu, gishiri ya taru fiye da na bara. Kafin ruwa ya buɗe na sake ƙidaya, wannan karon ƙafa da ƙafa, gida gida, Gwaggo na gaba da igiyoyinta ina biye da allo. Inda aka ce uku, in dube ta, ta ɗaga yatsu huɗu, in rubuta abin da ta ɗaga. Da aka zo naɗa sabon mai awo na ce a ba Gwaggo, na koya wa jikar ƙanwarta bugawa da rabawa don ta riƙa taya ta.

Ranar da ruwa ya dare, aka shigo da gero aka ɗaure gishiri. Jaki goma dai sun bi ruwa, ko wutsiya ban samu ba. A rana ta goma na bi ayari da taguwar da na shigo da ita. Maza suka rako ni bakin hanya muka yi musabaha. Mata kuwa suna can gefe a tsaitsaye, ɗaruruwansu, duk sun ba ni baya suna kallon tukwane kamar ranar suka fara ganinsu. Ba wadda ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Madugu yana duba kaya sai ya ga wani ƙunshi a kan jakinsa na ƙarshe wanda ba shi ya ɗaura ba: kantun manda biyu, da ƙullin garin gero, da sabuwar malfa. Ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, wannan kayan na wane ne?”

Ba wadda ta juyo. Ya sake tambaya. Can sai na ji muryar Tasalla, fuskarta na kallon tafki.

“Na wancan ne, mai tafiyar. A ce masa ya riƙa rufe kansa, hanyar da rana.”

Na sa malfar, na ja ta har ta rufe mini ido, na bi bayan jakin. Madugu ya tambaye ni ko gishiri ne ya shiga mini ido, na ce masa shi ne.